Rama a Cikin Roba

Zuwa ga Takwarata, jikar ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da karatu da baƙunta. Kawunki yana gaishe ki, yara ma haka. Matarsa ce ke rubuta mini wannan, tana zaune a bakin gado ta ɗora takarda a kan faranti, don haka in kin ga layi ya karkace ba laifin bakina ba ne.

Ni na hana a kira ki a waya. Kin san kunnena, muryarki a cikin abin nan kamar sauro ne ya faɗa gwangwani. Takarda kuwa a karanta mini, in sa a maimaita, in tura ta ƙarƙashin matashi.

Duk muna lafiya, sai dai ni na faɗi. Kin tuna farar kujerar robar nan ta ƙofar ɗakina, wadda rana ta daɗe tana duka? Na zauna a kanta kamar kullum. Ba ta yi kuka ba, ba ta lanƙwashe ba, ba ta ce mini komai ba. Ƙas kawai na ji, sai ga ni kwance ina kallon sama. Ƙashin cinya ne ya karye, can sama kusa da ƙugu. Aka kai ni asibiti, aka yanka, aka sa ƙarfe, aka ɗinke ni kamar buhu.

Yanzu likita ya ce ƙashi ya kama. Ya ɗaga hotonsa a fitila na gani, fari kamar hayaƙi, da ƙusa a ciki. Ya ce saura in taka. In ban taka ba, wai ƙafar za ta shanye, gadon nan ya zama gidana har ƙarshe. Akwai wata malamar asibiti mai zuwa tana lanƙwasa mini gwiwa, kullum sai ta ce, "Mama, tashi mu gani." Ta kawo wani abu mai ƙafa huɗu, hannunsa roba, tafinsa roba. Na ce ta fita da shi.

Takwara, ba ciwon nake tsoro ba. Na haihu, na san ciwo. Shirun nan nake tsoro. Abu ya ɗauke ka shekara da shekaru, ranar da zai sake ka ko gyaran murya ba zai yi ba.

An juyo mini gado wajen taga. Ina ganin titinmu gaba ɗaya: keken Tela a baranda, mai gyaran babur da baƙin hannunsa, kwatar nan mai murfin siminti, can ƙarshe kuma koren ƙyauren mai kemis. A da wurinta nake zuwa ta rubuta miki wasiƙa, kin san ba ta barin kanti ko da gobara ake yi. Yanzu ƙyauren nan ya yi mini nisa kamar wata ƙasa. Da rana in barci ya ɗauke ni, sai in ga titin ya zama ruwa, shagunan suna lilo a kai. Shekaranjiya na ga kakarki a tsallake, da ƙuruciyarta, ta tattare zani zuwa gwiwa tana ɗaurayar rama. Ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba.

Shi ya tuna mini abin da na sa a ɗauko biro dominsa. Ramar da kika roƙa bara, wadda na jiƙa a kududdufi, na saɓe, na wanke, na tsefe har ta yi laushi kamar gashin jariri, me kika yi da ita? Ita ce ta ƙarshe da hannuna ya taɓa, ban sani ba ko zan ƙara. Kawunki ya ce aikin injiniya kike koyo. Na ce ina ruwan inji da rama? In igiya kike so ki tuƙa, ki tofa wa tafinki yawu kaɗan, kada ki ji kunyar mutanen can.

Allah ya tsare mini ke.
Iyarki

*

Takwara,

Ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya. Ƙafa tana nan yadda take. Tela ne ke rubutu yau, ya leƙo ta taga da awo a wuyansa na ce ya shigo, don abin da zan faɗa ba na so matar kawunki ta tausasa shi.

Saƙonki ya iso. Da aka ce akwati ne daga wurinki, sai da na sa aka tayar da ni zaune, na gyara ɗankwali. Aka buɗe, auduga ce, cikin audugar wani abu mai faɗin yatsa biyu da tsawon tafin hannu, mai launin zuma, mai tauri. Na ɗaga shi wajen haske sai na ga ramata a ciki. Na gane ta, ko a lahira zan gane tsifar hannuna. An binne ta a cikin roba kamar ƙudan da ya maƙale a ƙaro. Kuma an karya abin a tsakiya. Ya rabu biyu bai gama rabuwa ba, gashin ramar ya yi cirko-cirko tsakanin ɓangaren nan da na can.

Na sa aka zazzage audugar, aka duba gindin akwatin. Babu takarda. Ko layi ɗaya.

Ke yarinya ce, wataƙila ba a gaya miki ba, bari in gaya miki. Na tuƙa igiya tun haƙorana suna cike. A sana'armu, wanda ya sayi igiyarki ta tsinke masa, ba ya zuwa ya yi faɗa. Sai ya aiko da guntayen a ajiye miki a bakin ƙofa, ba sallama ba magana. An gama ke nan. Aikinki bai yi ba, hanyarsa ta rabu da taki. Mata nawa na gani sun buɗe ƙofa da safe sun tarar da haka, suka tsuguna a wurin. Ni ba a taɓa yi mini ba, sai yanzu da nake kwance, kuma daga hannun wadda aka sa wa sunana.

Kuma a rasa abin da za a cusa ta a ciki sai roba? Robar da ta kwantar da ni?

Tela ya ce wataƙila a hanya ya karye. Na ce audugar ko motsawa ba ta yi ba, da gangan aka kwantar da shi a karye, an lulluɓe shi kamar jinjiri. Ya ce to wataƙila abin ado ne na can. Na ce ya rubuta abin da aka ce masa, ba shawara na kira shi ba. Yana dariya, na ce ya rubuta har dariyar.

In ramar ce ba ta yi ba, ki faɗa mini da baki. Wataƙila ta daɗe a ruwa, idona ba kamar da ba. In kuwa wani abu na yi miki, ki faɗa tun ina ji. Daga ɗakin kakarki ke kaɗai kika rage mai neman wani abu a hannuna. Sauran sai gaisuwa.

Tun zuwan abin nan barcina na rana ya canza. Ina ganin ina tuƙa igiya a cinya, tana tsawo, tana fita ta taga, tana bin titi, na san can ƙarshenta kina riƙe. Sai in ji ta yi sakwaf.

Iyarki

*

Iya ta kaina,

Na durƙusa na gaishe ki. Ya jiki, ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe da Kawu da Anti da yara, da Tela mai shawarar da ba a tambaya ba.

Wasiƙunki biyu tare suka zo mini, rana ɗaya. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na nemi wuri na zauna. Iya, lokacin da na tura akwatin nan ban san kin faɗi ba. Kuma wallahi ban san zancen guntun igiya a bakin ƙofa ba. Kyauta na aiko miki, mafi kyan abin da nake da shi. Wautata ita ce na ɗauka duk wanda ya gan shi zai ga abin da muke gani, shi ya sa ban sa takarda ba. Ki yafe mini.

Bari in gaya miki aikina, yadda zan faɗa in ina zaune a bakin gadonki. Ɗakin da muke ba shi da taga. A tsakiyarsa akwai inji mai tsayin mutum. Mukan shimfiɗa zare a faranti, mu kwarara masa ruwan roba, mu danne shi har ya daskare ya zama allo, mu yanka ƙanana irin wanda ke hannunki. Kowane ɗaya, mu da kanmu muke fara yi masa 'yar tsaga da reza. Sannan mu ba inji ya danna a hankali, a hankali, har tsagar ta kama tafiya.

Za ki ce haukan me ke nan. Iya, babu abin da ba shi da tsaga a duniya, ko ido bai gani ba. Kujerarki ma ta daɗe da tata, rana ta gasa ta ciki da waje. Don haka ba ma tambayar ko abu zai tsage. Abin da muke aunawa shi ne, in tsagar ta riga ta samu, yaya zai jure kafin ta ci gaba. Roba zalla, tsaga tana ratsa ta kamar walƙiya, kin ji da jikinki. In kuwa da zare a ciki, sai tsagar ta zo ta yi karo da shi, ta kauce, ta bi gefensa, ta sake karo da wani. Zaren kuma ya riƙe bakin nan da bakin can, ba ya saki sai an zare shi ɗaya bayan ɗaya. Rama ita kaɗai tana shan ruwa ta yi rauni. Akwai kuma zaren gilashi, siriri kamar yanar gizo, mai ƙarfi, amma ba shi da haƙuri. Sai muke haɗa su, gilashi a waje, rama a ciki, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Ranar da muka sa naki a inji, dattijon da ke kula da shi ya kashe fanka ya ce kowa ya yi shiru. Muka tsaya muna saurare. Yana ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana taka busasshen ganye a nesa. Ya daɗe yana yi. Inji ya kai iyakarsa, abin bai rabu ba. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Shi ne na naɗe a auduga na aiko wa mai shi.

Sauran ramar tana nan. Zan yi miki sanda da ita. Ki sa Anti ta auna daga wuyan hannunki zuwa diddige ta gaya wa Kawu ya turo mini.

Takwararki mai wauta

*

Takwarata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Tela ne dai. Na yafe miki tun bai kai ƙarshen takardar ba, amma na sa ya karanta sau da yawa don in ji daɗin yafewar. Ya ce in gaya miki, da ya san fasa kaya karatu ne, da 'ya'yansa duk sun zama furofesa.

Sanda ta iso, wannan karon da takarda, kin yi hankali. Tana rataye a ƙusa kusa da taga. Da hantsi in rana ta bugo ta, sai ta kama haske kamar kwalbar zuma, in hango ramata a ciki kwance, kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwa mai tsabta. Nakan daɗe ina kallo. Wani lokaci sai in ga kamar tana kaɗawa. Mai gyaran babur ya shigo gani, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne. Malamar asibiti ta juya ta, ta dogara, ta ce, "Mama, wannan ai ta fi tawa." Kowa ya taɓa ta, ban da ni. Sau ɗaya aka ɗora mini a cinya, na ji ba ta da nauyi, kamar kara. Abin da ba shi da nauyi, ta yaya zai ɗauki mutum?

Kin ce a takardar kin yi mata 'yan'uwa, kin ba inji ya karya su duka kafin ki aiko wannan. Ke nan marainiya kika aiko mini. Na gane dalilin, Tela ya bayyana mini har da kwatance da tsumma. Kaina ya gane. Amma ba kai ne zai taka ƙasa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ramar tawa ce, na yarda. Amma rigar da kika sa mata ta maƙiyiyata ce.

Likita ya sake zuwa. Ya matsa cinyar, ya auna ta da ɗayar, ya ja kawunki waje. Sun manta kurma yana da ido. Ni ma na ga ƙafar, ta fara komawa kamar ta yarinya.

Jiya bayan azahar na yi mafarki. Kududdufin da muke jiƙa rama ya daskare, ya zama irin abin nan naki mai launin zuma, daga gaɓa zuwa gaɓa. Ramar duniya duk tana kwance a ƙarƙashi. Kakarki tana can tsallake tana shanya. Na taka, ya ɗauke ni. Na ƙara takawa. Sai na ji wani abu yana bina a baya, na waiga, ashe tsaga ce, siririya, tana bin sawuna kamar karen da bai san mai shi ba. In na tsaya ta tsaya. Na farka ina riƙe da ƙarfen gado.

Ga abin da nake roƙo, ba shi da yawa. Ke kika yi ta, ke kika san cikinta. Ki rantse mini da Allah cewa sandar nan ba za ta karye ba. Ki rubuta da manyan baƙi, Tela ya nuna mini wurin in ɗora yatsa. Ranar da takardar ta zo, ranar zan sauko da ƙafa.

Iyarki

*

Iya,

Ina gaishe ki da jiki. Ina gaida mutanen gida. Ni lafiya ƙalau, sai tunaninki.

Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Da zan iya rubuta abin da kika ce, da na rubuta da baƙi kamar ƙofar gida. Amma ba zan iya rantsewa ba, Iya. Duk abin da hannu ya yi yana karyewa. Aikina ke nan kullum, na ga ƙarshen kowane irin abu. In na rantse miki na yi ƙarya, kuma da ƙaryar za ki dogara, ba da sandar ba.

Ga abin da zan iya faɗa, kuma a kansa zan rantse. 'Yan'uwanta ba su fara tsagewa ba sai da aka ɗora musu abin da ya fi nauyin Kawu da Anti da Tela da kekensa a haɗe. Kuma ko a nan, babu wadda ta saki lokaci ɗaya. Sai ta yi ƙara. Sai farin layi ya fito a jikinta. Sai ta lanƙwashe kaɗan, tana riƙe. Mutum zai sami lokacin da zai nemi bango, ya nemi wurin zama, har ya kira wani. Kin ce shiru kike tsoro. Wannan ba ta iya shiru ba, kamar mai ita.

In kin ji 'yar ƙara babu layi, zare ne ke gyara kwanciya, ki ci gaba. In farin layi ya fito ya kai tsawon yatsa, ki ajiye ta, a gaya mini, in yi wata.

Ki ce wa Tela ya yi haƙuri, rubutunsa kamar ɗinkin da aka warware, rabin mafarkinki sai da na yi ta canka. Na yi kewar hannun mai kemis.

Takwararki

*

Takwara,

Ina gaisuwa. Takardarki ta zo. Na ji. Kalma ɗaya na roƙa. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Iyarki

'Yata, Antinki ce, ina ƙarawa a ƙasa ba ta sani ba. Iyakar abin da ta ce a rubuta ke nan, shi ma sai da na yi ta roƙo, shi ya sa kika ji mu shiru tsawon lokacin nan. Ta sa an mayar da gadon yana kallon bango. Tana cin abinci kaɗan. Guntun nan naki na farko yana hannunta wuni guda. Ta ce raba shi za ta yi, ta aiko miki da rabi ki ji yadda ake ji. Tana lanƙwasa shi gaba da baya, yana ƙara, ta kai kunne, ta sake. Likita ya ce lokaci yana ƙurewa. Da kin rantse mata kawai, wa zai kama ki? Ban ce kin yi laifi ba. Na dai faɗa.

*

Takwarata, jikar ƙanwata,

Sallama. Ina gaishe ki, ina gaida dattijon da ya kashe fanka. Kafin ki karanta, ki dubi rubutun nan da kyau. Hannun wa kika gani?

Bari in faɗa miki daga farko, kada mai rubutu ta gaggauta ni, masu sayen magani su jira.

Na yi fushi da ke, fushin da ban yi da kowa ba tun rasuwar kakarki. Na ɗauki guntun nan na ce sai na raba shi. Da safe in murɗa, da rana in lanƙwasa. Yana kuka a hannuna, ƙir, ƙir, zare ɗaya ya zare, sauran su riƙe. Kunnen nan nawa da ba ya jin sallama, wannan yana ji, ko ta ƙashin yatsa yake shiga oho. Tela ya gaji da gani ya zaro almakashi ya ce, "Iya, kawo in hutar da ke." Sai na ji na ɓoye shi a bayana. Ni da nake so ya rabu. Na kwanta ina mamakin kaina.

A barcin ranar na koma kududdufin. Tsagar tana nan tana bina. Amma wannan karon na tsaya na kalle ta sosai. Sai na ga ashe wahala take sha. Ta zo nan rama ta tare ta, ta kewaya, ta sarƙe a wata, ta koma baya, kamar akuyar da ta shiga saƙar igiya. Har ta ba ni tausayi. Kakarki ta ɗago kai daga shanya ta ce, "Yaya, ke kike ta kallon baya, ita ko numfashi ba ta da shi." Muryarta ce sak. Na farka ina jin warin jiƙaƙƙiyar rama a ɗakin.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce matar kawunki ta miƙo mini sandar in goge mata ƙura. Ranar farko daga gado zuwa ƙofa, na yi zufa kamar na yi noma. Bayan nan tsakar gida. Malamar asibiti ta ga haka ta fara kuka, na ce ta bari, ba ita aka yanka ba.

Yau da hantsi na ce titi zan fita. Kawunki ya ce zai riƙe ni, na ce ya bi ni a baya da hannunsa a aljihu. Titin nan da nake gani kamar ruwa, ashe ƙasa ce dai, da ramukanta. Tela ya tsayar da keke ya miƙe tsaye, ya haɗiye shawararsa, karo na farko a rayuwarsa. Mai gyaran babur ya janye tayoyinsa daga hanya.

A kan kwatar nan ne abin ya faru. Tsinin sandar ya faɗa tsakanin murfi da murfi, ya maƙale, ni kuma na riga na tafi. Duk nauyina ya koma kanta a karkace. Takwara, ta yi magana. Ƙir, a tafin hannuna, har cikin haƙori. Na rufe ido ina jiran sama ta bayyana kamar wancan karon. Na jira. Sai na ji ina tsaye. Na ce da ita, na ji, na gode. Na gyara ƙafa, na zare ta, muka wuce.

Mai kemis ta sa tabarau ta duba ta a bakin ƙyaure. Akwai ɗan fari kusa da ƙasa, bai kai yankan farce ba. Na sa ta gwada da yatsana, da nata, har da na kawunki. Da saura da yawa. Amma ki fara shirin wata, kin ce in faɗa, na faɗa. In ramar ta ƙare, akwai iri a cikin gwangwani a kan katangar ɗakina, damina ba ta da nisa.

Guntun nan kuwa ba zan aiko miki ba, ko rabi ko duka. Kin san yanzu abin da mayarwa take nufi a wurinmu. Sandar ma, ranar da ta gaji, a ɗakina za ta tsufa.

Rantsuwar da kika hana ni, na bar miki. Kujerar nan ai kullum rantse mini take yi.

An ce zumunci a ƙafa yake. Tawa ta kawo ni nan, iyakarta ke nan yau, sauran hanyar ke za ki taka. Bari in tashi, komawa tana jirana, titin bai rage tsawo don ni ba. A kan bencin katako nake, in kina tambaya. Mai kemis ta jawo mini kujerar roba da na iso, sabuwa fil. Na ce a'a, 'yar nan, sauƙin bai kai can ba.

Iyarki